Ƙwaƙwalwar Motar Surukina

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta ranar da na kwanta a ƙasa gaban motar surukina a Ƙofar Mata, dattijai biyar sun zuba mini ido.

Ni rewaya ne, mai gyaran wutar mota, kuma a lokacin ban daɗe da sayen na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta ba. Kai, na ji kaina a shekarar nan! Ko ƙwan fitila ne ya mutu sai na ɗauko na'ura, don dai mai mota ya san ba da ƙaramin mutum yake magana ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa kawo mini aiki ba, surukina. Tsohon marini ne, faratansa har yau shuɗi ne. Shekara huɗu ina auren 'yarsa, amma in zai nuna ni ga baƙo sai ya ce, "Ga mai taɓe-taɓen wayar nan." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wata Asabar matata ta ce Baba yana nemana. Motarsa 'yar kwatano ta tsiro da tsiya: tana cikin tafiya sai fitilun gaban direba su kama ƙyafta ido, ta yi tari, ta mutu. Murna ta kama ni har na sa farin kaftani. Ku ji fa, gyaran mota da farin kaftani.

Na same shi a ƙofar gida da 'yan majalisarsa a kan tabarma. Na tuɓe takalmi na gaishe su, sannan na jona na'ura. Ta ce wutar da ke isa ƙwaƙwalwa ta yi ƙasa. Ƙwaƙwalwa ita ce ɗan akwatin da ke ba injin umarni. Na ɗora mita a kan batir, sha biyu da ɗoriya, lafiya lau. Na tada mota, altaneta tana caji yadda ya kamata. A nan ya dace in bi waya in auna wutar a bakin ƙwaƙwalwar kanta. Amma wa zai yi birgima a ƙasa da kaftani a gaban manya?

Na miƙe na gyara murya. "Baba, ƙwaƙwalwar ce ta taɓu. Sai an canza."

"Ka tabbata, yaro?"

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

A kan maganata ya sa aka nemo wata. Bayan kwana uku na dawo na ɗaura ta, na daidaita ta da makulli, majalisa ta sake cika. Mota ta tashi kamar da gaske. Ban gama murmushi ba fitilu suka fara ƙyafta ido, ta yi tarinta, ta yi shiru. Wani dattijo tela ya ce, "Ikon Allah. Ita ma sabuwar ta taɓu ke nan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na cire kaftani na rataya a madubi, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. A bakin ƙwaƙwalwa mita tana rawa, tara, sha ɗaya, takwas. Da na mayar da baƙin bakin mitar kan batir, sai ga sha biyu cif. Wato wuta tana zuwa, hanyar komawarta ce a toshe. Na bi baƙar wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, har na iske notinta a bayan injin. Sai ga laya tana lilo. Wani ya kwance notin, ya cusa igiyar fatar layar tsakanin kan wayar da ƙarfe, ya sake ɗaurewa tamau. Fata kuwa ba ta wuce da wuta.

Na ɗauki sifana zan kwance notin ke nan sai na ji muryar Baba a kaina.

"Kul! Kada ka taɓa wannan. Da hannuna na ɗaura ta, ita ke tsare motar."

To, yaya mutum zai dubi surukinsa a gaban abokansa ya ce kai ne ka lalata motarka? Na yi ta neman kalma mai ladabi ina sunkuyar da kai, bakina kuwa ya riga ni.

"Tana tsarewa kam, Baba. Har wutar ma ta tsare."

Na ce a raina shi ke nan, yau na kashe aurena da sifana a hannu. Baba ya leƙa ya daɗe yana kallon notin, sannan ya juya ga abokansa.

"Kun ji ko? Ashe tana aiki."

Dariya ta ɓarke. Shi da kansa ya zare layar ya sa a aljihu. Na kankare tsatsa, na ɗaure waya, mita ta tsaya cak. Ya ce in mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar ya gani. Na mayar, mota ta tashi ba ko tari.

"Ashe lafiyarta ƙalau," in ji shi.

"Ƙalau, Baba."

"To, tun farko ta wa ce ta taɓu?"

Na sunkuya na tattara kayan aikina. Har na bar wurin kunnuwana zafi suke yi.

Abin da na koya a ranar ya fi kuɗin na'urar. Ita na'ura ba ta yi ƙarya ba, cewa ta yi wuta ta yi ƙasa, ni ne na ƙara mata da abin da ba ta faɗa ba don in burge tsoho. Tun daga lokacin, ko gaban wa nake, sai na kwanta na auna kafin in buɗe baki. In kuma ban gano ba, na koyi cewa "ban sani ba tukuna," domin kunyar wannan ta minti ɗaya ce, waccan kuwa har yau ina jin ta duk sanda na je gaisuwa.