Fure Bakwai a Kan Almon

Almon ya taɓa yin fure a ƙasar Bagudo. Sau ɗaya ne, a hannuna, kuma ni na taka da ƙafata na kai labarin, ko da yake na san abin da zai jawo. Wannan rana ba ta fita raina ba har yau. Ku da kuka shigo aikin gona a bayanmu kuna jin labarin guntu-guntu. Ga yadda aka yi.

Sunana Arzika. A lokacin ni ne heluma, wato shugaban leburori, a wata gonar gwaji da ke tsakanin Kaoje da iyakar Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Sama da ni akwai malamin gona, sama da shi akwai babban jami'i a lardi, wanda ba mu gani sai sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban yi boko ba. Kafin gona na yi aikin tilas a haƙar kuza a tudun Jos lokacin yaƙi. Mu tara muka tafi daga garinmu, mu huɗu muka dawo. Sanyi da ciwon ƙirji suka ci sauran.

Ƙa'idar gonar gwaji ɗaya ce. Duk sabon iri a ba shi ɗan fili, a kula da shi yadda ya kamata, malam ya rubuta a littafi abin da idonsa ya gani. In ya yi, a kai wa manoma. In bai yi ba, a rubuta bai yi ba, don kada wani ya sake ɓata ƙarfinsa.

Shekarar da muka sami mulkin kai Baturen gona ya tafi, aka turo mana Malam Garba. Matashi ne, mai karatu, mai zafin nama, ba ya zama a inuwa in muna cikin rana. Wata safiya ya tara mu, ya zuba mini wasu ƙwayoyi a tafin hannu, dogaye, sun fi gyaɗa girma. Na tauna. Akwai gardi. Alhazai kan zo da irinsu tsaraba, suna ce musu lauzu. Shi almon yake cewa.

Ya ce Italiya da Sifaniya su ne manyan masu noma shi, Maroko da Iran suna yi, Amurka kuma ta shigo da ƙarfinta da ban ruwa da injuna, wata rana za ta wuce su duka. Ya ce ba ya ruɓewa a hanya, kuma duniya ba ta ƙoshi da shi ba.

"Duk ƙasashen rana ne, masu dogon rani," in ji shi. "Mu muna da rana, ga Kwara a gefenmu. Me muka rasa? Ko gyaɗa da auduga za mu yi ta yi har a busa ƙaho?"

Ya riga ya shirya da wani takwaransa a Dahome wanda aka kawo wa dashe daga Maroko. Guda talatin za a ba mu, masu aure, irin yadda ake yi wa mangwaro. Da damina ta kankama ya ba ni takarda da jakuna biyu, na ƙetare iyaka na ɗauko.

Mai kula da lambun da na je wani tsohon sojan Faransa ne, Kofur Sabi. Ya yi Maroko, ya yi Italiya. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa. Yana jera mini dashen a kwando, yana rufewa da jiƙaƙƙen buhu, yana dariya.

"Kai ɗan Ingilishi, wa ya ƙi ka haka da ya aiko ka ɗaukar wahala?"

"Ingilishi sun tahi," na ce.

"Namu ma sun tafi. Sun bar mini wannan, kullum ina ba shi ruwa kamar majinyaci."

Na ce ya gaya mini abin da ya sani. Ya ce ya kwana a ƙarƙashin itacen nan a can, ya ci 'ya'yansa har ya gundure shi. Rana gaskiya ne, akwai rana. Amma kafin ranar akwai sanyi na wata da watanni, wanda ruwa kan daskare a bokiti. Itacen ya zubar da ganye kaf, ya tsaya kamar ya mutu. Sai sanyin ya fara sakin jiki sannan ya farka, ya yi fure fari fat tun bai yi ganye ba.

"In bai yi wannan barci ba, ba ya haihuwa," in ji shi. "Malaminku ya karanta ranar, bai karanta sanyin ba."

Na ce na san sanyi, na yi Jos. Ya ce Jos ɗina ɗumi ne. Ban yi musu ba. Na kora jakunana. Duk hanya abu ɗaya nake juyawa: in sanyin da ya kashe mutum biyar cikinmu bai isa ba, na Bagudo, da yara ke yawo ba riga da hantsi, ba zai yi komai ba.

Da na dawo na tarar an shafa farar ƙasa a jikin kaɗanya sittin da ke yamma da gonar. Malam Garba ya sa aka yi. Yana son fili a shirye, don in talatin ɗin nan sun kama zai nemi ɗaruruwa. Ya ce in haɗa masu gatari.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne sai an yi masa bayani. Kaɗanya ba a shuka ta. Allah ke fitar da ita, manomi in yana sharar gona ya kauce mata. Yaron da aka haifa tare da ita sai ya yi gemu kafin ta yi 'ya'yan kirki. Kuma ko a gonar wa ta tsaya, tsintar kaɗe ta mata ce. Da man kaɗen suke miya, da shi suke fitila, da shi suke shafa wa jariri, sauran su kai kasuwar iyaka. Da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, 'ya'yanta ke riƙe cikin yara. Waɗannan sittin ɗin na matan ƙauyen da nake zaune ne, babbarsu kuwa wata tsohuwa ce, Inna Tumba.

Na ce da Malam ba zan sare ba.

"Umarni na ba ka, Arzika."

"Na ji, ranka shi daɗe. Amma ba haka aka aikin gwaji ba. Ba a share babban hili sai ƙarami ya nuna."

Na gaya masa abin da Kofur Sabi ya faɗa. Ya ce maganar tsohon soja ce, kuma ai muna da namu sanyin. Ya ce in ban iya ba akwai masu neman heluma. Na ce akwai, amma ya nemo wanda zai ɗora gatari a kan kaɗanya mai haihuwa a garin da uwarsa take. Ya san ba zai samu ba sai ya ɗauko baƙi.

"Ba ni sanyi uku," na ce. "In wanga icce ya yi hure, ni da hannuna zan sare sittin ɗin. Ba sai ka nemo kowa ba."

Ya dube ni. Ya ce to in sun mutu fa? Na ce ba za su mutu da ƙishirwa a hannuna ba. Ya rubuta a littafi, na dangwala yatsa.

Daga nan aikin ya koma wani iri. Duk ƙauye so suke dashen ya mutu, ni kuwa kullum ina ɗauke da tulu. Na yi musu shinge saboda awaki. Na zuba toka saboda gara. Da bazara na kafa musu rumfar zana. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren na cire shi, kamar yadda Malam ya nuna mini. Inna Tumba ta tare ni a hanyar rijiya.

"Arzika, kai da wa kake? Da mu ko da baƙin iccen nan?"

"Da ku, Inna."

"To mi ya sa kake shayar da su kamar ɗiyanka? Ka manta da ƙofar shinge rana guda, awakina su gama muna aikin."

Na ce in awaki suka ci, Malam zai rubuta sakaci ne, ya aiko a kawo wasu, ya kawo wani heluma da gatarinsa. Sai sun rayu sun ƙi haihuwa a gaban idonsa sannan zai yarda. Ta ce wannan wayon ya fi ƙarfinta, ta wuce tana tsaki.

Duk da haka sun yi ta mutuwa. Damina ta ruɓar da saiwar wasu, bazara ta ƙone wasu. Zuwa sanyi na uku saura goma sha ɗaya. Sun fi ni tsawo, amma ba su da kyan gani: dogayen rassa tsirara, ganye ɗan kaɗan a can ƙarshe. Ba su zubar da ganyen duka ba, ba su yi sabo sosai ba. Kamar mutumin da aka hana barci.

Sanyin shekarar nan ya ɗan fi na kullum. Yana ƙarewa, wata safiya na zo da tuluna, na ga fari a kan itace na uku daga gabas. Na ajiye tulun. Fure ne, fari da ɗan ja-ja a tsakiya. Na ƙirga. Bakwai.

Inna Tumba tana bakin shinge da ƙunshin itacen wuta. Ta ga inda nake kallo. Ta sauke kayan ta shigo.

"Wanga shi na huren?"

"Shi ne."

"Tsinke."

Ban motsa ba. Malam yana Kaoje, sai bayan kwana huɗu zai zo. Leburori suna can wajen shinkafa. Yatsa biyu sun isa.

"Arzika, ba kowa nan sai ni da kai da Allah. Hure bakwai za ka ba kaɗanya sittin? Da man iccen nan aka shafe ka ranar da aka haife ka, ni na riƙe ka. In kunya kake ji, juya baya in tsinke."

Na shiga tsakaninta da itacen. Na ce ba za a taɓa ba. Ta zage ni, ta haɗa da kakana. Na sa lebura ɗaya ya tsaya gadi, na kama hanyar Kaoje a ƙasa.

Malam Garba ya goyo ni a kekensa muka dawo. Yana ganin furen ya cire hula, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ni kuwa na shiga rumfa na ɗauko gatari na zauna ina wasa shi a kan dutse. Mata sun taru a bayan shinge.

Ya zagaya sauran goman, reshe-reshe, yana duba ko akwai ƙullin fure. Babu ko ɗaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zo kaina.

"Me kake yi?"

"Alkawari. Ya yi hure."

"Ajiye gatarin nan. Almon ɗaya ba ya haihuwa shi kaɗai, sai wani iri ya yi fure tare da shi, ƙudan zuma su haɗa su. Wannan kam yana cikin littafi, na karanta. Mu jira mu gani."

Muka jira. Kullum yana zuwa. Kwana tara furen suka bushe suka zube, ba su ƙulla ko ɗa ɗaya ba. Ya zauna a kan turmi ya buɗe littafi ya rubuta, ya karanta mini: itace talatin, goma sha ɗaya sun rayu da cikakkiyar kulawa, ɗaya ya yi fure bakwai a sanyi na uku, babu 'ya'ya, ƙasar ba ta da sanyin da yake bukata. Ya ce a kankare farar ƙasar daga jikin kaɗanya.

Da zai hau keke ya ce, "An gaya mini abin da tsohuwar nan ta ce ka yi. Da ka tsinke, da ban sani ba."

"Da ka rubuta ƙarya da hannunka ba ka sani ba," na ce. "Na bayanka shi karanta, shi ɗauka gaskiya ce."

Daga ranar, in baƙon iri ya zo, sai ya tambaye ni wa na sani da ya taɓa ganinsa a ƙasarsu.

Malam Garba ba wawa ba ne. Daga baya na ji a rediyo Amurka ta wuce su duka a noman almon, kamar yadda ya faɗa tun muna tsaye a rana. Ya san inda duniya ta dosa. Abin da bai sani ba shi ne abin da ƙasar da yake takawa za ta karɓa, kuma da ya gani da idonsa bai yi gardama ba. Abin da na koya ke nan a aikin nan: ka ba iri haƙƙinsa ko ba ka son sa, ka faɗi abin da ka gani ko zai cuce ka. In ba haka ba littafin gona takarda ce kawai.

Inna Tumba ta shekara ba ta amsa gaisuwata. Har ta rasu tana kirana mahaukacin heluma, amma duk kaka sai na ga ƙwaryar man kaɗe a ƙofar ɗakina, ba a ce daga wa ba.

Almon ɗin na ƙarshe ya bushe shekara biyu bayan haka. Gonar gwaji ta tashi, fili ya koma hannun manoma. Ni ina nan ƙauyen, ido ya yi rauni, ƙafa ba ta kai ni Kaoje. Kaɗanyar kuwa tsawa ta kashe biyu, tsufa ya kada huɗu. Saura hamsin da huɗu, kuma a ƙarƙashin ɗayarsu nake zaune.