Notin Tayar Dattijo

Jama'a, yau saura kaɗan in kashe mutane a Funtua!

Na je zaɓen injin kwance noti mai batir don garejina. Mai shago ya ce, "Gwada a motata, tana waje." Na fita, firr, na sassauta notin tayar wata farar mota. Ina komawa ciki sai motar ta tashi. Ashe ba tasa ba ce!

Na haye acaɓa da injin a hannu, muka tare ta a hanyar Malumfashi, taya sai rawa take. Wani dattijo ne da iyalinsa a ciki. Na ɗaure masa notin tsaf. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Allah ne ya turo ka."

Wallahi na kasa gaya masa ni na kwance.