Na Ce Masa Ya Gina

"Baba, a saya ko a gina?" Haka ɗana Sanusi ya tsokane ni jiya a waya daga Legas.

Ƙungiyar manoman albasa ta Kebbe ce ke son ya samar musu manhajar kwamfuta. In sun sayi shiryayya, daga can zai haɗa musu. In ginawa ce, dole ya dawo gida Tambuwal ya zauna kusa da su wata da watanni.

Na ce, "Ka gina."

Ya yi dariya. "Baba, mi ka sani ga manhaja?"

"Ba komi. Amma tun rasuwar innarka ni ɗai nika cin tuwo."

Har yanzu bai yanke ba, amma na sa an share ɗakinsa.

Masu 'ya'ya a nesa, da ku ne, me za ku ce?