Sukarin da ke cikin waken Baba

Ko na manta komai na shekarata ta ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ba zan manta lokacin da Babanmu ya so ajiye limancin masallacin unguwarmu a Kara-Kara ba.

Ciwon sukari ne ya kama shi, lokotoro ya ce ya rage tuwo da shinkafa, ya riƙe wake. Waken ya karɓe shi, amma ciki ya riƙa kumbura, iska ta hana shi sakat, alwala ba ta daɗewa. Ga Baba da kunya! Ran nan na ji yana ce wa Inna, "Limamin da ba ya riƙe alwala, gara ya koma sahun baya." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ni kuwa tambaya ce cutata tun ina ƙarama. Washegari na tare mushenmu, malamin da ke koya mana shimi, wato kimiyyar sinadarai, na ce wai me ke cikin wake? Ya yi dariya, ya zana zobe uku a allo, maƙale da juna. Ya ce wani sukari ne, sunansa rafinos: galaktos, gulukos da furuktos a haɗe. Cikin mutum ba ya iya raba su, sai abin ya wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke can su cinye, su saki iska. Ya ƙara da cewa yana narkewa a ruwa.

Na faɗo gida da gudu. "Baba, na gano! Sukari ne a cikin waken!"

Ya ture kwanon. "Innalillahi! Wato guba ake ba ni?"

Kai, bakina! Na ce wannan ba ya shiga jini yadda na shayi ke shiga, shi ya sa ma yake damun hanji. Ya ce sukari ai sukari ne. Sai da na jiƙa wake, na sa ya ɗanɗana ruwan. Ya yamutsa fuska, ya ce, "To ina zaƙin?"

Saura Inna. Ita a ruwan jiƙon take dafawa, don a Damagaram ba a wasa da ruwa. Da na ce a zubar a sake sabo, ta riƙe haɓa.

"Ruwan da ga-ruwa ya turo mini tun daga famfo? Ke, kanki ɗaya?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ki taimake ni, a gwada." Ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Inna ta ɗauki tukunya, ta juye ruwan a gindin lemun tsakar gida.

Iskar ba ta ɗauke duka ba, amma ta ragu sosai. Wata magariba na tsaya a zaure ina sauraren lasifikar masallaci. Muryar Baba ce ta yi kabbara, muryarsa ce ta yi sallama.

Tun daga nan na koyi cewa kafin in kai wa mutum abin da na sani, sai na fara sanin abin da yake tsoro.