Ermete Ya Shiga Akwati

A Monteliberio idan aka ce maka wane ya shiga akwati, sai ka tsaya ka tambaya wanne, domin biyu gare mu. Akwai wanda kafinta ke yi, ƙarti huɗu su ɗauka zuwa coci. Akwai kuma na gwamnati, wanda ake saka ma'aikaci a ciki in masana'anta ta fara tari: ba a kore ka ba, ba a kuma ce ka zo aiki ba, za a riƙa ba ka wani abu daga albashinka ka zauna a gida har kasuwa ta farfaɗo. Duka biyun "kassa" muke ce musu, kuma ko waye ya raɗa wa na biyun suna, ya san abin da yake yi.

Ermete Quintabà ya shiga na gwamnati yana da shekara hamsin da huɗu, wata Juma'a bayan abincin rana.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ubansa ya kama hannunsa ya kai shi masana'antar takalmi da ke gangaren gari, aka ajiye shi a ɗakin masu yanka fata. Can ya yi gemu, can ya yi furfura. Aikin kuwa ba na kowa ba ne. Fata ɗaya ba ta zama ɗaya ba: gadon baya da shi ake yin fuskar takalmi, ciki yana da laushi sai a ɓoye shi inda ido ba ya kai wa, ga tabon ƙaya, ga cizon kaska, duk sai an kauce musu. Ermete yakan shafa fata sau ɗaya da tafin hannu, ya ɗora kwalin awo, ya zagaye shi da wuƙa a numfashi guda, gefen ya fito sumul kamar an goge. Shekara talatin da tara bai taɓa ɓata fata ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. In ka gaishe shi a hanya, ƙafarka zai fara kallo kafin fuskarka. Matarsa Palmira tana cewa ranar da ya fara yi mata magana a dandali, abin da ya ce shi ne dunduniyarta ta hagu ta karkace.

Da tsohon mai masana'antar ya rasu, ɗansa Pierfilippo ya gaje shi. Dakta muke ce masa, ba don ya taɓa yi wa kowa allura ba, a'a, a nan duk wanda ya leƙa jami'a ya fito da takarda Dakta ne. Ya dawo daga Milan da tabarau da kalmomi masu tsawo, shekara huɗu kacal ya yi masana'antar ta durƙusa. Ranar Juma'ar nan ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya dafa ƙirji.

"Ba wanda zai rasa aikinsa. Gwamnati ta tsaya mana. Wata uku ne kawai, ku ɗauka hutu ne." Sai ya juyo wajen Ermete, wanda yake kira Maestro, wato babban gwani. "Maestro, bencinka yana nan, ba mai taɓa shi."

Ermete ya naɗe wuƙarsa a ƙyallen fata ya tafi gida da wannan maganar, ya kuma riƙe ta kamar aya.

Akwati yana da doka ɗaya: wanda ke ciki ba ya wani aikin a ɓoye. In aka kama ka, ka fita daga akwatin, ka kuma rasa gurbinka. Kowa a garin ya fahimci dokar yadda ya kamata a fahimce ta. Wannan yana fenti a gidajen mutane, wancan yana tsinkar zaitun a gonar surukinsa, wani ya buɗe wurin gyaran babur a bayan gida, duk suna cikin akwati lafiya lau. Ermete kaɗai ya ɗauka da gaske ake.

Ƙanin Palmira, Nazzareno, yana da ɗan shago a ƙarƙashin gidansa, shi da mutum biyar, suna ɗinka wa masu hali takalmi ɗaya-ɗaya da hannu. Shi ma Ermete ne ya koya masa riƙe wuƙa tun yana saurayi. Duk Lahadi yakan zo cin taliyar Palmira, duk Lahadi kuma magana ɗaya ce.

"Ermè, fito daga akwatin nan ka zo mu yi aiki. Ina da fata ta maraƙi tana kuka, yaran nan sai sara suke mata kamar mahauta."

"Ni ina da aiki."

"Ina yake? Nuna min shi in gaishe shi."

"Gwamnati tana gadinsa."

"Gwamnatin da ta kasa gadin gadar garin nan? Ka ji min mutum! Palmì, me kike zuba wa mijinki a miya ne?"

"Bar ni da shi," in ji Palmira. "Ni na auri baduku, yanzu ina zaune da hoton baduku."

"Ka ci abincinka, Nazzarè," in ji Ermete. "Ni mai yankan babbar masana'anta ne, ba zan ƙare a ramin gidanka ina shaƙar gam ba."

Wata uku suka zama shida, shida suka zama shekara. Duk lokacin da wa'adi ya kusa cika, sai a ji a rediyo cewa ma'aikatar da ke Roma ta "buɗe tebur". Haka muke cewa in za a zauna taro. Shugabannin ƙungiyar ma'aikata su hau bas da tutoci, Dakta ya hau motarsa, a kewaye tebur, a sha kofi, a ɗaga zaman zuwa kaka, a ƙara wa akwati wata shida. Ni dai ban taɓa ganin ƙasar da ta kai tamu son aikin kafinta ba: ga tebur, ga akwati, ga kujeru da ake ta rigima a kansu, amma takalmi ko wari ɗaya bai fito ba. Sau uku ana cewa mai sayen masana'antar ya zo, sau uku ta leƙo ta koma. Na ƙarshen har hoto aka yi da shi a ƙofar masana'anta yana sanye da takalmin roba, Ermete ya kalli ƙafarsa a jarida ya ce wannan ba zai saya ba, kuma bai saya ba.

Shi kuwa ya tsara zaman nasa kamar aiki. Ya tashi ƙarfe shida, ya aske gemu, ya sha kofi a tsaye, ya taka har ƙofar masana'anta ya duba ko an liƙa sanarwa, ya dawo. Ba ya zuwa bakin teku da rani, kada a kira shi ba ya nan. Duk Litinin da safe yakan fito da dutsen washi ya zauna a baranda ya wasa wuƙar, har maƙwabta sukan daidaita agogo da ƙarar. Amma bai yarda ta taɓa fata ba. Ranar da igiyar takalmin Palmira ta tsinke ta miƙa masa, ya ɓoye hannayensa a baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"Matar mai kantin magani tana kallon barandar nan. Takarda ɗaya za ta rubuta ba sa hannu, shi ke nan na rasa benci."

"Takalmin matarka ne, Ermè!"

"Doka ba ta ce ban da matarka ba."

Ta kai wa ƙaninta ya gyara. Daga ranar kuma ta daina yi masa gori, abin da ya fi gorin ciwo. Ta nemi aiki a gidan burodi. An ce mai haƙuri kan dafa dutse, to Ermete ya dafa nasa shekara bakwai, abin da ya samu kawai shi ne wuƙar ta sirance har ta koma rabin faɗinta, duk a kan washi.

A shekara ta bakwai, cikin watan Mayu, wasiƙa ta zo da tambarin masana'anta: ana gayyatar Maestro Quintabà ranar Asabar ƙarfe goma, ya zo da kayan aikinsa. Ya karanta sau uku a tsaye, ya kuma bi Palmira kicin ya karanta mata. Bai tambayi kansa wace masana'anta ce ke komawa aiki ranar Asabar ba. Daɗi ya yi masa yawa, kuma wallahi duk wanda ya ga yadda yake goge takalminsa ran nan ba zai iya ce masa komai ba.

Ya tarar da ƙofar an yi mata fenti, an ɗaura jan ƙyalle, ga magajin gari da ɗamarar nan tasa mai launi uku, ga wani babba daga Roma, ga jama'a da kayan Lahadi. Injuna duk an kwashe. A bangon ɗakin yanka an rataya hotuna, an kuma rubuta da manyan baƙaƙe: Gidan Tarihin Takalmi. Bencinsa yana nan, gaskiyar Dakta, ba wanda ya taɓa shi. An kewaye shi da jar igiya, an sa masa fitila a sama.

Dakta ya rungume shi. "Maestro! Da tsohuwar zuma ake magani. Minti biyar kawai, ka nuna wa baƙi yadda ake yi a da."

"A da?"

"Kada ka damu, na tambayi lauya. Wannan ba aiki ba ne, nuni ne. Akwatinka yana nan daram, an ma ƙara wata shida."

Ya kamata ya juya ya tafi. Amma an riga an shimfiɗa fatar maraƙi a kan bencin, mai kyau, launin ƙasa, ƙamshinta ya iso masa tun daga igiyar. Ya tsallaka. Ya shafa ta sau ɗaya, tafin hannunsa ya gane komai: ga gadon baya, ga ɗan tabon ƙaya can gefe. Ya ɗora kwalin awo, ya ja numfashi, ya dasa wuƙa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Daidai kwanar da ke wajen yatsun ƙafa hannunsa ya goce, siririyar wuƙar ta lanƙwasa, ta ci cikin fatar kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ya tsaya. Ya ci gaba, ta sake ci. Da ya ɗaga yankin, gefensa ya yi haƙora-haƙora, irin wanda in almajirinsa ne ya kawo masa a da, da ƙeya zai sha mari.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Babban nan na Roma ya karɓa ya ɗaga sama don masu hoto.

"Kun gani? Wannan shi ne hannun da muka kare! Shekara bakwai muna gadin wannan gwaninta, ga ta nan ko ƙwarzane babu!"

Ermete ya duba cikin taron. Mutum ɗaya ne ba ya tafi. Nazzareno ya ratso mutane a hankali, ya jira babban ya ajiye fatar ya koma wajen tiren soyayyen zaitun, sannan ya ɗauke ta. Ya bi gefen da babban yatsa, bai ɗago ba. Ya ninke ta ya tura can cikin aljihun rigarsa, inda ba wani baduku da zai gani.

"Mu je gida, yaya," ya ce. "Palmira ta ɗora ruwa."

Washegari Lahadi ya zo cin taliya kamar kullum. Ya yi maganar ƙwallo, ya yi maganar ruwan sama, ya yabi miya har sau biyu. Ermete ya ƙi tashi daga tebur, yana ta juya cokali a cikin kofi, yana jiran a ce masa ya fito daga akwati ya zo a yi aiki, domin amsarsa ta yau daban ce. Nazzareno ya goge baki, ya sumbaci yayarsa a kumatu, ya ɗauki hularsa.

Ran Litinin maƙwabta suka makara, don ba su ji ƙarar dutse daga baranda ba.