Na Sayar da Gona Har da Kabarin Mama

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gidan Waya, babba a cikin maza a gidanmu, kuma a lokacin ina ganin takarda ta fi bakin dattawa. Gonar citta da babanmu ya bar mana tana bakin titin Kafanchan. A can ƙarshenta, gindin wata ɗorawa, muka binne Mama, don mu ba ma kai namu nesa da gida. Kowace Kirsimeti mukan je mu share kabarin, mu yi waƙa ɗaya, mu dawo.

Da aka gyara titi, gonakin maƙwabta suka fara komawa shaguna da ɗakunan haya na 'yan kwaleji. Wani mutum ya zo yana son gaban gonarmu, zai gina gidan mai. A al'adarmu, kafin a sayar da ƙasa sai dattawa sun taka iyaka da ƙafa tare da mai saye. Ƙanen babana ya ce in jira Asabar a taka. Na ce masa haba Baba, safiyo mai awon fili ya riga ya zana, wa yake taka iyaka yanzu? Na kalli zanen, layuka ne da lambobi, ban gane komai ba. Amma ina malami zai ce bai gane ba a gaban mutane? Na sa hannu.

Ina cikin aji aka zo aka ce mini katafila ta ka da ɗorawa. Kafin in isa, wurin ya zama fili, ko dutsen da muka sa alama babu. Ashe zanen ya haɗa har ƙarshen gonar. Mai sayen ya buɗe takarda ya nuna mini sa hannuna, ya ce ba wanda ya gaya masa akwai kabari. Gaskiyarsa ce. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ina ci, ina koyarwa, ina zuwa coci, shi ke nan.

Yanzu siminti ne ko'ina. Yayata ta ce a ganinta Mama tana daidai inda mai faci yake ajiye injinsa. Kirsimetin bara muka je muka tsaya a wurin mu biyu, waƙar ta ƙi fitowa. Mai facin ya taso ya tambaye ni ko tayar babur ɗina ce ta sace.

Ku masu gona a bakin titi, masu saye suna zuwa, in ma ba su riga sun zo ba. Abin da ba ku gane ba a takarda, ku ce ba ku gane ba. Ku kira dattawa ku taka iyakar da ƙafarku. Ni Asabar ɗaya aka ce in jira.