Ƙanen da Aka Samu a Bakin Titi

A bakin titi a unguwar Louis nake kallon wani dattijo, tumbi a gaba, hula a karkace, tsohuwar waya manne da kunne. A gefensa wani magidanci ne sabon zuwa, ya ƙanƙame jakarsa. Aikin direba a tashar jiragen ruwa ta Owendo dattijon ke roƙar masa ta waya.

"Alhaji Mahfuz, ƙanena ne, ciki ɗaya!" dattijon yake ta ihu. "Ni na goya shi! In ya yi ɓarna, ni za ka kama."

Yadda rantsuwar ke zuba daga bakinsa, ina zargin shi ma an taɓa yi masa irinta, ranar da ya sauka garin nan da silifa.

Sai ya toshe wayar da tafin hannu, ya juya wajen magidancin.

"Kai, ya ce gobe ka fara. Yaya ma sunanka?"